Amsa kan faifan CD ɗin da marigayi Baba ya bari

Assalamu alaikum jama'ar zaure. To ƙanena, na saurari muryarka, wadda kake cewa Baba ya bar kwali cike da faifan CD, tafsiri da wa'azi da kiɗan fada, kana tambayar wace manhaja ta fi wajen mai da su MP3. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Na ga wasu sun jefo maka sunaye iri-iri, amma ni abin da na ji a maganarka, tsoro kake kada abubuwan nan su salwanta. In haka ne, kada ka fara da MP3.

Faifan da aka ƙona a shago, CD-R ɗin nan masu kore-kore ko shuɗi a ƙasa, rini ne a jikinsu yake riƙe da sautin, zafi kuwa cin rini yake. Kwalin da ya shekara da shekaru a ɗakin kwano yana shan zafin Afrilu da Mayu na Damagaram, wani faifan a ciki yau ya karanta, baɗi ya ƙi. Saboda haka kwasa ɗaya za ka yi mai kyau, ka adana, sauran duk daga ita za su fito.

Amma tsaya, kafin maganar manhaja ma, saka faifan a kwamfuta ka buɗe ka ga abin da ke ciki. Da yawan abin da muke ce ma CD a nan ba faifan sauti ba ne. In ka ga fayil masu .mp3 a ƙarshe, kwafa kawai za ka yi ka liƙa, an gama. In ka ga wani folda MPEGAV da fayil masu .DAT, wannan VCD ne, bidiyo ne, shi ma kwafarsa ake, manhajar VLC tana buɗe shi, tana ma iya zare maka sautin. Wanda ke buƙatar manhajar kwasa shi ne wanda za ka ga Track01.cda, Track02.cda, haka har ƙasa.

Yawwa, wannan .cda ɗin, bari in gaya maka, don har gobe abin yana ci mini rai. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a Birni, tafsirin malaminsa ne a faifai, malamin ya rasu. Ya ɗauka ya kai wa wani yaro mai turin waƙoƙi a shago, ya biya jika uku, yaron ya zuba masa a kile, wato filashin USB, ya kunna a gabansa, murya ta fito tar. Dattijo ya koma gida da murna, ya bar ma jikoki faifan suna gara su a tsakar gida. Sai da azumi ya zo ya kawo mini kilen wai ya ƙi yi a rediyo. Na buɗe, wallahi ba komai ciki sai .cda. Kowane ɗaya bait 44 ne, bait fa, ba mega ba. Alama ce kawai da ke nuna wa kwamfuta inda waƙa take a jikin faifan. Abin da ya sa ya yi ƙara a shagon, faifan yana cikin na'ura a lokacin. Na je na sami yaron, sai ce mini ya yi ai ya yi a gaban Baba. Ya yi a gaban Baba! Yo ba dole ya yi ba? Ko kunya babu, har yana cewa wai bairos ne ya cinye. Wane bairos? Kuma har yanzu yana nan yana karɓar kuɗin mutane, na wuce ta wurin... kai, a bar maganar.

To manhaja. In Windows gare ka, Exact Audio Copy, ana ce mata EAC. Wani Bajamushe ne, Andre Wiethoff, ya fitar da ita tun 1998, kuma kyauta ce. Abin da ya sa nake riƙe da ita, tana da yanayin da ake kira secure: ba ta yarda da karatu ɗaya, sai ta maimaita ta gwada, inda ta ga saɓani ta yi ta komawa har ya daidaita, in ya gagara ta rubuta maka a rahoto cewa minti kaza daƙiƙa kaza akwai shakka. Faifai mai ƙarce zai iya cin awa ko fiye, ka yi haƙuri da ita. Akwai kuma AccurateRip a ciki, mai gwada kwasarka da ta mutanen duniya da suka kwashi faifai iri ɗaya. To wa ya taɓa kwasar tafsirin malamin unguwarku a Jamus? Za ta ce maka ba ta san faifan ba, kada hankalinka ya tashi. Ka yi amfani da Test and Copy, ta karanta sau biyu, in lambobin tantancewa biyun da take nunawa, wato CRC, suka zo ɗaya, shi ke nan. Sunayen ma haka, MusicBrainz, ma'ajiyar sunayen faifai ta intanet, ba ta san su ba, da hannunka za ka rubuta sunan malami da sura da shekara tun kafin ka danna.

In saitin EAC ya yi maka yawa, don gaskiya tana da shiga-shiga, ɗauki fre:ac. Ita ma kyauta, tana da Faransanci, ta zo da LAME da FLAC a cikinta, ba sai ka nemo komai ba. A EAC kuwa FLAC yana ciki, amma LAME, wato mai yin MP3 ɗin, kai za ka sauko da shi daban. dBpoweramp tana da kyau, amma ta kuɗi ce, ban ga dalilin ba a kwali ɗaya. Mai Mac ya nemi XLD. Windows Media Player kuwa, in ba ka taɓa saitinta ba tana iya ba ka WMA maimakon MP3, ka je kana faɗa da waya.

Kwasar farko FLAC za ka yi, nau'in fayil ne da ba ya rage sauti. Sautin CD kbps 1411 ne, minti 1 kusan MB 10 in ka bar shi WAV, wato ba a matse ba, cikakken faifai mai minti 80 ya kai wajen MB 800. FLAC yana matse shi ya koma wajen rabi ko sama kaɗan, kuma ko ƙwaya ba ya zubarwa. Wannan ka ajiye wuri biyu, kwamfuta da wani diski daban, ka ba Yaya ɗaya ta ajiye a gidanta. Daga FLAC ɗin sai ka fitar da MP3 na yawo. Kiɗa, su algaita da kakaki da ganguna, sa LAME a V2, wajen kbps 190 ke nan, ya ishe ka. Magana zalla, 64 a mono, awa guda ba ta kai MB 30 ba, ka tura ma dangi ba ka cinye musu data ba. A'a, tsaya, ƙira'a ban da ita, ita ka ɗaga zuwa 96 ko 128, saboda shin da sad da sauran haruffa masu shuu ɗin nan su ne ke fara lalacewa in aka matse da yawa.

Kuma don Allah wanda ya ce maka a sa komai a 320, ka tambaye shi daga ina. Masu turi suna ɗaukar MP3 na 128 su juya shi 320 su ce orijinal. Ludayi biyu na fura ne aka juye a babbar ƙwarya, ba ta ƙaru ba, wuri kawai ta ci. Abin da MP3 ya zubar ya tafi, kowace juyawa ma ƙara zubarwa take. In kana son kama su, akwai ƴar manhaja Spek, jefa fayil ɗin ciki, na 128 za ka ga an yanke shi ƙat a wajen kHz 16, sama baƙi ƙirin, ko me aka rubuta a jikinsa.

Na san wani zai ce Opus, wani nau'in fayil ɗin sauti, ya fi MP3. E, ya fi a ƙaramin girma, muryar nan ma da kuke ji da shi WhatsApp ke aikowa. Amma kai shi rediyon mota ko ƴar rediyon Inna mai cin kati ka gani. MP3 shi kowa ke karantawa. Kilen ka yi masa fomat na FAT32, sunayen fayil ka fara da 01, 02, kuma ban da ƙ da ɗ a ciki, allon mota shirme yake nunawa.

Goge faifan da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba kewaye ba. In kwamfutarka irin sababbin nan ce marar wurin faifai, ina da na waje mai USB, ka aiko yaro bayan la'asar. Ka fara da waɗanda aka rubuta sunansu da hannu, na kamfani su jira. Yanzu dai saka guda uku ka ɗauko mini hoton abin da ya fito a allo, in gani ko .cda ne ko me.