Ku Tambaya Mu Amsa: Maki da Kaso a Jikin Kayan Yaƙi

Tambaya, daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram: Assalamu alaikum, Malam. Ina buga tsohon zubin wasan kwamfuta na World of Warcraft. Kayan da jarumina ke sanye da su suna ba shi maki 140 na kirit, wato damar yin bugu mai ƙarin ɓarna, kuma a mataki na 60 takardar bayanansa tana nuna sun ƙara masa kashi 10 cikin ɗari. Yanzu na kai mataki na 70, ban cire ko zobe ɗaya ba, amma ƙarin ya koma kashi 6 da ƴan kai. Wasan ne ya samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wasanka lafiya lau yake, da gangan aka tsara shi haka. Makin da ke jikin kaya kamar kuɗi ne a aljihu, kaso kuma shi ne tiyoyin geron da za su saya maka a kasuwar Dole: kuɗin na nan yadda suke, farashi ne ya hau. A mataki na 60, maki 14 ke ba da kashi 1 na kirit. A mataki na 70 sai ka tara 22.08, a na 80 kuwa 45.91. Raba 140 ɗinka da waɗannan: 10, sai 6.3, sai kimanin 3.

Da can ba haka ake rubutawa ba. Kafin Disamba 2006 kayan wasan kaso suke nunawa kai tsaye, zobe ya ce ya ƙara maka kashi 1, shi ke nan. Kamfanin Blizzard ya sauya tsarin gab da fitowar The Burning Crusade, sabon babin wasan, a Janairu 2007, saboda kashi 1 ba ya tsufa. Wanda ya samu zoben a mataki na 60 ba shi da dalilin cire shi a na 70, kuma in za a ba shi wanda ya fi, dole a rubuta kashi 2, gobe 3, har a wayi gari kowane bugu kirit ne. Da maki kuwa, ana iya ƙara lambar jikin sabbin kaya ba tare da kaso ya wuce gona da iri ba. A ganinmu dabarar ta yi, inda aka gaza shi ne barin ɗan wasa ya yi ta neman lambar rabawa da kansa.

Ga yadda za ka same ta. Buɗe takardar jarumi, ka ɗora linzami a kan layin kirit, zai nuna maki da kason da suka haifar. Raba makin da kason. Ko kuma ka rubuta kasonka, ka cire kaya guda, ka ga nawa ya ragu. Sai dai ka zaɓi kayan da ba ya ɗauke da makin zafin nama, don shi ma yana ƙara kirit, kuma ka tabbata babu tasirin abinci ko sihirin abokan tafiya a kanka, in ba haka ba lissafin zai gauraye.

Tunda kana mataki na 70, ka fara kula da makin samun abokin gaba, wato mai hana bugu kuskure, kafin na kirit. Manyan dodanni ana lissafa su mataki uku sama da kai, kuma dabarun makami, wato bugu na musamman, suna kuskure musu kashi 9 cikin ɗari. Maki 15.77 ke rufe kashi 1, wato 142 sun rufe duka. Abin da ya haura 142 ba ya ƙara wa waɗannan dabarun komai. A sabon zubin wasan an cire wannan makin tun Oktoba 2014.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou: Malam, na ninka makin sulkena sau biyu, amma kariyar ba ta ninku ba. Shin akwai inda tara sulke ke zama asara?

Amsa: Malama, sulke ba ya bin rabawa kai tsaye irin ta kirit. A tsohon World of Warcraft, idan mai bugunki yana mataki na 60, ana raba sulkenki da jimillar sulken da 5,500. Sulke 2,750 na rage kashi 33, 5,500 na rage kashi 50, 11,000 kuma kashi 67 ne kawai. Ido zai ce amfani na raguwa, amma a duba ta wajen rai. Mai makin rai 5,000 da sulke 5,500 sai an yi masa bugun 10,000 kafin ya faɗi. Da sulke 11,000 sai an kai 15,000. Kowane 5,500 na ƙara masa rai guda cikakke, na farko da na biyu daidai suke. Asara tana farawa ne a kashi 75, inda wasan ya sa iyaka, wato sulke 16,500 a wannan misalin.

Kada ki haɗa wannan da ragin da aka shigo da shi a Shadowlands, wani sabon babin wasan, a 2020. Can, idan makin kirit ko na sauri ya kai ki kashi 30, abin da kika ƙara a kai ana zaftare masa kashi 10, kuma zaftarewar na ƙaruwa yayin da kike hawa. Wannan ragi ne na gaske, shi ya sa ake rarraba maki maimakon a jibge su wuri ɗaya.

Tambaya, daga wani mai gyaran waya a Sabon Gari: Ni a waya nake buga Genshin Impact, kuma kaso nake gani kai tsaye. Ke nan ba ni da lissafi?

Amsa: Rabawa ce ba ka da ita, maigida, amma akwai ninkawa. Kowane jarumi yana farawa da yawan kirit (damar samunsa) kashi 5 da ƙarfin kirit (ƙarin ɓarnar da yake yi) kashi 50. Matsakaicin bugunka shi ne yawan kirit sau ƙarfinsa, a ƙara 1. Yawa kashi 50 da ƙarfi kashi 100, wato 0.5 sau 1 a ƙara 1, suna ba da 1.5. Yawa 30 da ƙarfi 140 suna ba da 1.42, haka ma 70 da 60. A jikin kayan wasan kashi 1 na yawa daidai yake da kashi 2 na ƙarfi, don haka duka ukun tsadarsu ɗaya, amma na farko ya fi duka. Daga nan ƴan wasa suka samo ƙa'idar 1 da 2, wato ƙarfi ya zama ninkin yawa.

In wata rana ka koma Guild Wars 2 a kwamfuta, za ka sake haɗuwa da maki. A mataki na 80 kana farawa da Precision, wato makin yawan kirit, 1,000 da kirit kashi 5, kowane maki 21 na ƙara kashi 1, saboda haka 2,995 ne ke kai ka ɗari bisa ɗari. Duk kashi 1 da sihirin abokan tafiya ko baiwar jarumi ke ba ka kai tsaye, ka cire 21 daga wannan adadin, ka mai da makin kan Ferocity, inda 15 ke ƙara kashi 1 na ƙarfin kirit.