Amsa kan ɗaukar jariri hoto a gida da waya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da arziki, Allah Ya raya. Kin ce ƙanwarki ta haihu a Agege, kina son hotunan jaririn kafin suna, amma duk wanda kika ɗauka sai ya fito da duhu ko ja-ja, ba kamar na Instagram ba. Wayarki ba ta da laifi, hasken ɗakin ne matsalar.

Ki kashe ƙwan lantarki, ki kashe filas. Idan hasken ƙwai ya haɗu da na taga, waya tana rikicewa, shi ne launin fata yake ɓaci. Taga ɗaya ta ishe ki, don haka ko an ɗauke wuta ba ruwanki. Ki nemi wadda ta fi haske tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe, ba wadda rana ke dukanta kai tsaye ba. Gidajen haya na Legas a matse suke, bangon maƙwabta yakan tare haske, to idan taga ta gaza ki buɗe ƙofa ki yi a bakinta. Ƙarfen taga da raga suna zana inuwa a fuska, ki rataya farin mayafi mara kauri a kai. Ranar da hadari ya rufe sama ma ta fi, haskenta taushi gare shi.

Ki shimfiɗa katifa a ƙasa kamar taku biyu daga taga. Kan jaririn ya kasance ta wajen tagar, a ɗan karkace, yadda haske zai gangaro daga goshi zuwa haɓa. In hasken ya fito ta ƙafa, inuwar hanci sama take yi, fuska ta munana. Gefen da ya yi duhu kuma wani ya riƙe farin zanin gado ko kwali a wajen, zai mayar da hasken.

Sai waya. Goge gilashin kyamarar tukuna. Kada ki kanga ta daf da fuska, kai da hanci za su kumbura. Ki ja baya ki sa 2x, wato ki jawo hoton kusa ninki biyu. Danna kan kumatunsa a fuskar wayar ki riƙe har ta kulle saitinta a wurin, sannan ki ɗaga hasken kaɗan da yatsa, musamman idan shimfiɗar fara ce, domin fari yana sa waya ta rage haske, fata mai duhu ta ƙara duhu. Ki kashe tacewar gyaran fuska gaba ɗaya, tana share gashin goshi da saɓar fata, alhali su ne kyan hoton. Atamfa mai ja ko kore tana rina fata, yadi mara zane ya fi.

A ganina kada ki jira ranar suna. Hayaniya, zafi, kowa na son ya ɗauki yaro, ba abin da za ki samu sai kuka. Kwana na 5 ko na 6, ko bayan an watse, kafin ya cika mako biyu, lokacin yana yawan barci yana naɗe jiki. A ba shi nono ya ƙoshi, ya yi gyatsa, a jira kamar minti 15. A kawar da fanka daga kansa, ki ɗumama hannunki, ki sa leda ƙarƙashin shimfiɗa, don da an cire kunzugu fitsari ne zai biyo.

Hoton da kike gani na jariri ya tallabe haɓa da hannu biyu, ko yana lilo cikin zani, hotuna biyu ne aka haɗa a kwamfuta, aka goge hannun babban da ke riƙe da kan. Wuyansa bai iya ɗaukar kansa ba, kada ki gwada. Rigingine, ko a gefe da hannun uwa kusa, ko a ƙirjin mai jego, ko tafin ƙafarsa cikin hannun mahaifinsa, sun isa. In cibiya ba ta faɗi ba, kada a kifa shi.

Kwalliya kuwa, nan ne tsofaffi za su yi miki gardama. Kwallin gargajiya, wanda Yarbawa ke kira tiro, sau da yawa akwai dalma a cikinsa, tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Zanin da ya kwana cikin akwati da kafur sai an wanke, domin a wasu jarirai kafur yana fasa ƙwayoyin jini ya jawo shawara. Lalle ma haka. Turaren wuta a bari sai an gama. Kuma idan a hasken taga kika ga farin idonsa ko fatarsa ta yi ruwan ɗorawa, ba gyaran hoto ba ne, asibiti za a kai shi a ranar.

Wajen turawa dangi a Arewa, ki aika ta WhatsApp a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton, ya dishe idan an je wankewa. Ki kuma nemi izinin iyayen kafin ki sa a sitatus.