Amsa: Ƙananan kwalejojin Amurka ma suna da adawa mai zafi a ƙwallon kwando

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai wata adawa ta gaske a ƙwallon kwandon maza na kwalejojin Amurka ban da ta Duke da North Carolina. Akwai, sai dai talabijin ba ta cika haska su ba.

Duba Hope da Calvin a jihar Mishigan. Dukkansu suna rukuni na uku na NCAA, babbar hukumar wasannin kwalejojin Amurka, inda ba a ba ɗan wasa tallafin karatu saboda ƙwallo. Tun 1920 suke fafatawa, kuma tsakanin garuruwansu, Holland da Grand Rapids, tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Tushen zafin ma ba ƙwallo ba ne. Majami'un da ke da alaƙa da makarantun biyu asalinsu ɗaya ne, na 'yan Holan da suka yi ƙaura, suka rabu a 1857. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya, uba ya yi Hope, suruki ya yi Calvin, ranar wasa kowa da rigarsa. A 1997 mutum sama da 11,000 suka cika filin Van Andel don kallonsu. Calvin ta ci kofin ƙasa na rukunin a 1992 da 2000.

'Yan wasa kuwa, kada ka raina su. Scottie Pippen, tsohon tauraron gasar ƙwararru ta NBA, daga Jami'ar Central Arkansas ya fito, lokacin tana NAIA, hukumar wasannin ƙananan kwalejoji. Duncan Robinson ya fara a kwalejin Williams ta rukuni na uku kafin ya koma Jami'ar Mishigan, daga nan ya tafi ƙungiyar Miami Heat ta NBA. Jack Taylor na kwalejin Grinnell ya zuba maki 138 a wasa ɗaya a 2012, ko da yake ni a ganina tsarin kocinsu na jifa ba ƙaƙƙautawa ne ya ba shi wannan damar.