Amsa: fulogin da aka kashe amma yana ci gaba da taɓa sito

Ɗan'uwa, ka ce manhajarka tana karɓar fulogin, wato ƙananan manhajoji da ake jona mata, daga hannun mutane daban-daban, kuma ko an kashe ɗaya, amsar da ya nema daga sabar takan iso daga baya ta birkita bayanan da ke cikin sito, wato rumbun da Redux ke ajiye yanayin manhaja. Na daɗe ina aiki da irin wannan tsari, ga inda na tsaya.

Ridusa dai, wato aikin da ke sabunta bayanan sito, ba wurin kiran intanet ko saita agogo ba ne. Tun da Dan Abramov da Andrew Clark suka fitar da Redux a 2015, sharaɗin shi ne ya karɓi tsohon yanayi da saƙo, ya dawo da sabo, shi ke nan. Na san ka san wannan. Damuwarka tana kan wa ke riƙe da ragamar ayyukan gefe irin su kiran intanet, kuma a ganina uwar manhaja ce ya kamata ta riƙe.

Kada ka miƙa wa fulogin sito kai tsaye. Ka buɗe masa ƙaramar ƙofa: ya karanta, ya aika saƙo, ya yi rajistar aikin da zai yi, kuma kowace rajista ta zo da hanyar soke ta. Dubi VS Code, manhajar rubuta kod. A lokacin activate, wato lokacin kunna shi, fulogin yana zuba duk abin da ya kunna cikin context.subscriptions, idan aka kashe shi sai a bi jerin a rufe su. Yi haka, ka ba kowane fulogin AbortController nasa, wato abin yanke kiran intanet, duk kiran fetch da ya yi ya ɗauki siginarsa.

Sai dai yankewa kaɗai ba ta isa ba, kuma nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Amsar da ta riga ta iso, ana tsakiyar sarrafa ta, tana iya aika saƙo bayan yankewar. Don haka ƙofar da ka ba shi ta riƙa duba ko yana kunne, in ba ya kunne ta watsar da saƙon. Ka kuma liƙa sunan fulogin a gaban sunan kowane saƙo, don ka gane wa ya yi me.

Batun tsohuwar amsa ta danne sabuwa kuwa, takeLatest na redux-saga, mai soke tsohon aiki idan sabo ya zo, yana maganinsa. Ni dai na fi son createListenerMiddleware da ya zo a Redux Toolkit 1.8 a 2022, domin ana iya ƙara mai sauraro ko cire shi manhaja tana kan aiki, kuma ya fi wa marubutan fulogin sauƙin koyo. Kowane aiki ya kama kuskurensa, kada na mutum ɗaya ya kayar da sauran.

Kafin ka saki, rubuta gwajin da zai kunna fulogin, ya kashe shi ana tsakiyar jiran amsa, ya sake kunnawa, sannan ya duba ko wani saƙo ya shiga sito sau biyu.