Allon da ka gani a gaban motata: amsa ga ɗan'uwana na Kano

Malam Habibu, na ga saƙonka tun daren Juma'a, na ƙi amsawa a gurguje don na fi son in zauna in rubuta a tsanake. Hoton mota ɗaya na sa a Facebook, kai kuwa ka jero mini tambayoyi a ƙarƙashinsa. Mene ne faifan nan da ke leƙowa ƙarƙashin bamba? Ba irin wasan motar da samari ke yi ranar ɗaurin aure ba ne? Wace ce Baturiyar da ke riƙe da sifana? Sannan ka rufe da cewa, anya ku Hausawan Gana da sauran Hausa a jikinku? Ta ƙarshen nan ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma bari in fara da faifan.

Turawa na ce masa sifilita. Mu a gida allo muke ce masa, sunan da yarana suka raɗa masa ranar da suka same ni ina goge shi da samfefa. Aikinsa raba iska gida biyu. Wadda ta daki gaban mota tana taruwa a kansa ta danna shi ƙasa, wadda ta bi ta ƙarƙashi kuma tana matsewa tsakaninsa da kwalta, ta ƙara sauri, ta riƙa tsotso shi. Sai tayoyin gaba su kama ƙasa da kyau a kwana. A gudun cikin gari babu abin da yake tsinanawa, amma ƙarfin iska ba a hankali yake hauhawa ba: in ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. Iskar da ke danna murabba'in mita da nauyin kilo 47 a gudun kilomita 100 a awa, a gudun 200 kusan kilo 190 take dannawa. Shi ya sa duk wanda ya san harkar, kafin ya tambaye ka da me aka yi allon, sai ya durƙusa ya leƙa ya ga a jikin me aka ɗaure shi.

Ni da hasara na koyi wannan. Motar BMW ce tsohuwa, E36 328i, na saye ta da tsatsarta na tashe ta da hannuna a garejin da nake aiki a nan birnin Kolon na Jamus. Allon farko a intanet na saya, baƙi mai sheƙi, kuma mai sayarwar ya rubuta cewa a jikin bamba ake ɗaure shi da ƙananan kusoshi, ya isa. Na yarda da shi. Na tafi filin tseren motoci na Spa-Francorchamps a Beljiyam, na haura kwanar hawan tudu ta Raidillon lafiya, ina kan miƙaƙƙiyar hanyar Kemmel allura ta doshi 190, sai na ji ƙara kamar an yaga kwanon rufi. Robar bambar ce ta yage, allon ya nannaɗe ya shige ƙarƙashin mota, sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Salati kawai nake yi har Allah ya sa na gangara gefe. Araha ba ta ado. Da na rubuta wa mutumin, cewa ya yi ai don kwalliya ya ƙera shi.

A daren nan mahaifina na tuna, Allah ya jiƙansa. Makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, shekara talatin da wani abu yana kwance ƙarƙashin manyan motocin katako. In yaron shago ya ɗaure wani abu a jikin bodi, ba ya faɗa. Sai ya kama abin da hannu biyu ya rataya a kai da duk nauyinsa, in ya ɓalle ya miƙa wa yaron ya wuce. Ya kan ce bodi riga ce, a nemi ƙashi. Kakanmu kuma da ya san doki, a wajensa ba a yabon kayan hawa sai an duba majayi.

To yanzu ga yadda na yi. Na yanko ƙarafa biyu masu kauri na ɗaure su a bakin shasi, daidai inda ƙarfen bamba yake kamawa, da kusoshi masu kaurin milimita 10. Bayan allon yana zurawa cikin wani baki da na yi wa walda kusa da ƙarfen da ke ɗauke da inji, ya kai har layin tayoyin gaba. A leɓen gaba mutane da yawa sanduna suke sawa, ni igiyar ƙarfe na zaɓa. Dalilina shi ne igiya tana hana allo sauka, amma in ya daki dakalin kwana ya yi sama sai ta saki. Sanda kuwa ba ta sassauci, sai ta kai dukan har cikin mota. Inda katako ya haɗu da ƙarfe da gangan na sa kusoshi marasa ƙarfi sosai da faffaɗan washa, don in an yi karo su tsinke, in rasa allo in tsira da shasi. Ya fito gaban bamba da santimita 10, tsakaninsa da ƙasa santimita 8, hancinsa ya ɗan sunkuya kaɗan ƙwarai. Ratar da ke tsakaninsa da bamba na toshe ta da roba, don in iska ta sami wannan ƙofa rabin wahalarka ta tafi a banza. Da na gama na hau kansa na tsaya da ƙafa biyu, kilo 85 nake, bai motsa ba. Gwajin Baba ke nan.

Katakon kuma surukina ne ya zaɓa, kuma nan za mu zo kan Baturiyar da ka tambaya. Matata ce, uwar 'ya'yana uku, shekararmu 14 da aure. Mahaifinta kafinta ne da ya yi ritaya. Da na ce masa ina tara kuɗin allon kabon, irin na manyan motocin tsere, sai ya girgiza kai ya ja ni rumfarsa, ya zaro falankin katakon birch mai kaurin milimita 12, ya lanƙwasa shi a gwiwa ya nuna mini yadda yake komawa daidai. Ya ce abin da zai riƙa gogar kwalta kowane mako, a yi shi da abin da ba za a yi kuka ba in ya karye. Shi ya shafe gefunan da ƙaro don kada ruwa ya shiga ya kumbura shi. Muna cikin aikin la'asar ta yi, tsohon nan da kansa ya share mini wuri tsakanin tarin katako, ya kashe rediyo har na sallame.

Ba ta musulunta ba, na san abin da za ka tambaya ke nan. Ina yi mata addu'a, ba na tilasta mata. Limamin zangonmu na nan shi ya ɗaura auren, da sadaki da shaidu da goro. Yarana an yanka musu ragon suna, suna zuwa makarantar allo Asabar da Lahadi, ita ce ma ke tashinsu sahur. Kuma wannan ba a kaina aka fara ba. Kakana Ba'agale ne, daga cikin birninku ya fito da jakuna fataucin goro, ya bi hanyar Gwanja har ya zauna Kumasi, ya auri Badagomba. Alhasan Ɗantata ma sai da ya yi zama a Akara kafin ya koma Kano. Fatake ba su tafi da mata a cikin mangala ba, inda suka sauka nan suka nemi aure, kuma 'ya'yan da aka haifa su suka riƙe masallatan zango har yau.

Na ɗan yi nisa. Fiffiken da ka gani a baya ba don burga na sa shi ba, dole ce ta sa. In ka danne gaba ka bar baya sakaka, a kwana mai gudu bayan motar ne zai zame ya juyo da kai. In kuma fiffike ka sa babu allo, gaba ya ƙi bin sitiyari, motar ta miƙe ta nufi shinge. Tare ake sa su, ana gwadawa ana rage kusurwar fiffike ko a ƙara, har motar ta daidaita. Shi ma ƙafafunsa sun ratsa murfin but sun sauka a kan ƙarfe. A 1969 a gasar tseren motoci a Montjuïc ta Basalona, dogayen fikafikan motocin Lotus na Graham Hill da Jochen Rindt sun karye a wuri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, duka biyun suka yi haɗari, daga nan aka hana irin wannan fiffike. Manyan injiniyoyi ke nan, kuma mariƙi ne ya ci amanarsu. Ƙananan fikafikan da ake liƙawa a kusurwar bamba ban damu da su ba. Na fi ganin amfanin huda bonet don iskar lagireto ta sami mafita ta sama, da ƙara wa safirin tauri don hanci ya daina nutsewa in an taka birki. In da matashi zai nemi shawarata, sai in ce ya fara da taya da birki da man birki da kujera, ya shekara yana koyon tuƙi, sannan ya zo mu yi maganar iska.

Batun wasan mota kuwa, wallahi ba ɗaya ba ne. Wancan a titin jama'a ake yi, tsakanin masu talla da yara 'yan kallo, kuma kai ka fi ni sanin gidajen da ya jefa cikin makoki. Mu fili ne rufaffe, da hular kwano, da masu tuta a kowace kwana, da motar asibiti a tsaye. Ba caca, ba kofi, ba wanda ake cewa ya zo na ɗaya. Ko shahararren filin nan na Nürburgring, mai tsawon kilomita 20.8 a duwatsun Eifel, wanda aka buɗe a 1927, ranakun da ake barin kowa ya shiga dokar titi ce ke aiki: ta hagu kawai ake wuce mota, an hana auna lokaci, in ka daki shinge kai za ka biya, kuma dole motar ta zama mai izinin hawa titi. Allona na gida ba shi da takardar TÜV, masu duba lafiyar mota a Jamus, don haka na yi masa mariƙan da ake zarewa cikin minti biyar. A bayan mota nake ɗaukarsa, sai ranar da aka rufe fili don masu irin motocinmu nake ɗaura shi. Kuɗi kam yana ci. Amma ban taɓa taɓa kuɗin da nake aika wa Hajiya a unguwar Aboabo ta Kumasi ba, ko na adashin jana'izar da muke zubawa a nan.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Na san Hausarmu tana ba ku dariya. Muna cewa "mace ya zo", muna cusa Turanci da Tuwi, yaren Asante, a tsakiyar zance. Wannan da kake karantawa ma sai da na koye ta daga rediyo da littattafai, a gida ba haka muke magana ba. Amma ka sani, a 1969 da gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi, ƙannen mahaifina biyu aka loda a mota aka ce su koma Najeriya, ƙasar da ba su taɓa gani ba. A 1983 kuma da gwamnatin Shagari ta yi nata korar, kawuna da ke aikin kanikanci a Legas aka ce masa ɗan Gana ne, ya tattara. Can a ce mu naku ne, ku kuma ku ce kowa ya bar gida gida ya bar shi. Duk da haka ba mu saki harshen ba. A Kumasi Asante da Dagomba da Mosi da harshen Hausa suke ciniki a zango. Waken da duk Gana ke ci da shinkafa sunan Hausa yake amsawa, haka koko da ƙosai da tuwon zafi. Babban Limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ɗan zango ne. A nan Jamus kuma in ka shigo wajen suna ko zaman makoki, ka ga magajiya tana rabon goro, dattawa sun harɗe a kan darduma ana jan Fatiha, sai ka rantse a Sabon Zango kake.

Babban ɗana shekararsa 12. Hausarsa ta zango ce, da Jamusanci a cikinta, kuma shi ne ke kwanciya ƙarƙashin mota ya riƙe mini noti ta ciki. Ranar da muka gama sabon allon, ban ce masa komai ba ya kama leɓen da hannu biyu ya rataya, ya ɗago kai ya ce, "Baba, ya kama ƙashi." Bai taɓa ganin mahaifina ba. Sai da na fita waje na ɗan tsaya.

In Allah ya kai mu bazara za mu koma Spa, shi da uwarsa da surukina duka. Ina so in rage kusurwar fiffiken kaɗan, don har yanzu gaban yana ɗan turjewa a kwanar Pouhon. Zan ɗauko maka bidiyo daga cikin motar. Kai kuma don Allah ka tambayi dattawan unguwar Agalawa ko da wanda ya san gidan da kakanmu ya fito, yaron nan ya dame ni da tambaya. Ka gaida Inna da mutanen gida.