Katin gidajen tarihi da na sufuri: a saya ko a bari?

Malam, tambayarka ita ce kwana uku za ka yi a birni kana yawon buɗe ido, shin katin nan na shiga wurare da yawa zai fi maka sauƙi ko ka riƙa biya ɗaya-ɗaya. To gaskiya lissafi ne kawai. Rubuta wuraren da za ka shiga da gaske, ba waɗanda kake buri ba, ka haɗa kuɗin tikitinsu ka gwada da kuɗin katin. Babban gidan tarihi ɗaya ma sai ya cinye maka rabin yini, ƙafa ta yi tsami, don haka gidajen tarihi biyu a rana sun isa.

Inda mutane ke tafka kuskure, Paris Museum Pass, katin shiga gidajen tarihi na birnin Paris, misali na kwana 2, 4 ko 6 ne a jere, da ka fara amfani da shi lokaci ya fara tafiya, kuma ba ruwansa da jirgin ƙasa ko hawa hasumiyar Eiffel, ga babban gidan tarihi na Louvre a rufe ranar Talata kuma sai ka kama lokacin shiga tun a intanet. A Landan kuwa shiga gidan tarihi na British Museum kyauta ne ma.

Na sufuri, in masaukinka na tsakiyar gari ƙila ba ka buƙata. Batun rangwamen yara ko ɗalibai, tambayi ofishin yawon buɗe ido na garin kafin ka biya.