Tambayoyinku Kan Fasaha: Tarin Visual C++ Da Ya Cika Mini Kwamfuta

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu kusa da Terminus a Jos. Na duba manhajojin da ke kwamfutata, na ga Microsoft Visual C++ Redistributable jere reras: 2008, 2010, 2013, 2015-2022, wasu ma bibbiyu. Na bar sabon, na goge sauran don in samu wuri. Yanzu manhajar da nake zanen katin biki da ita ta ƙi buɗewa, wai babu MSVCR100.dll.

Amsa: Sannu da aikin shara, Alhaji. Wurin da ka samu bai kai bidiyon biki guda da ke kwance a kwamfutar nan ba, amma ka tsayar da sana'arka a kansa.

Waɗannan ba manhajojin da ake buɗewa ba ne, ginshiƙai ne da wasu manhajojin ke tsayawa a kansu. Kuma hanya biyu ake bi wajen sabunta irinsu. Ko dai sabo ya hau kan tsoho ya maye gurbinsa, ko kuma ya zauna gefensa kowa na cin gashin kansa. Visual C++ na 2005, 2008, 2010, 2012 da 2013 zaman gefe da gefe suke yi. Manhajar da aka gina da na 2010 sunan fayil ɗinta take kira, MSVCR100.dll. Ko ka kawo mata na bana ba za ta kalle shi ba, don shi sunan nasa VCRUNTIME140.dll. Sai daga 2015 ne Microsoft ya haɗe su: na 2015, 2017, 2019 da 2022 abu guda ne, sabo na hawa kan tsoho, shi ya sa ka gan su a layi ɗaya. Bibbiyun da suka ba ka haushi kuwa x86 ne da x64. Ko da Windows ɗinka mai bit 64 ne, tsohuwar manhaja mai bit 32 x86 take nema.

Kowace hanya da kuɗinta. Zaman gefe da gefe ba ya karya tsohuwar manhaja, amma tsohon ginshiƙi na nan da ramukan tsaronsa har bayan kamfani ya daina kula da shi. Maye gurbi kuwa gyara ɗaya ya wadatar da kowa, sai dai ranar da sabon ya zo da matsala, kowa zai ji a jikinsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne matakin da na san za ka ɗauka gobe. Za ka rubuta sunan fayil ɗin a Google, ka faɗa wani shafi mai maɓallan saukewa barkatai, ka ɗauko fayil ɗin da ba ka san wanda ya taɓa shi ba, ka jefa cikin System32, jakar da Windows ke ajiye muhimman fayilolinsa. Kwamfutar da kwastomomi ke soka wa filashi daga safe har magariba, ita za ka ƙara wa wannan? Je shafin Microsoft, sauke na 2010, x86 da x64 duka, ka ɗora. Ni in na ga layin da ya fara da Microsoft Visual C++, ko hannu ba na kai masa. In wuri kake nema, leƙa Downloads.

Tambaya: Ina da .NET Framework 4.8, amma manhajar lissafin ofishinmu a Wuse tana neman 3.5. Ba babba ya haɗiye ƙarami ba?

Amsa: A'a, Hajiya. .NET Framework shi ma ginshiƙi ne irin Visual C++, kuma na 4.8 ya maye gurbin 'yan gidansu ne kawai, daga 4.0 zuwa sama. Na 3.5 gidansa daban. Buɗe Windows Features, yi masa alama, ki tanadi data.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Naraguta. Na ɗora .NET 8, amma wata manhaja ta nace sai .NET 6.

Amsa: Sabon .NET gefe da gefe yake zama, kuma manhaja ba ta tsallakawa daga 6 zuwa 8 da kanta sai in mai ita ya ba ta izini. Buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta dotnet --list-runtimes ka ga abin da kake da shi. Ɗora 6 zai tashe ta, amma Microsoft ya daina tallafa masa tun Nuwamba 2024. Nemi sabuwar sigar manhajar tukuna.

Tambaya: Manhajojin wayata suna rufe kansu tun da ta yi sabuntawa cikin dare.

Amsa: Ba ka faɗi wace waya ba, sai in yi duba? In Android ce, fara da Android System WebView, ginshiƙin da manhajoji ke nuna shafukan intanet da shi, wanda maye gurbi yake yi, kuma shi ya riƙa kayar da Gmail da wasu manhajoji a Maris 2021. Sabunta shi a Play Store tare da Chrome. In abin ya ci gaba, cire sabuntawarsa daga Settings, ka kashe wayar ka kunna.